Daga Mazaɓa Ake Cin Zaɓe: Darasi Daga Babbar Kasuwar Katsina

Kwanakin baya na shiga Babbar Kasuwar Katsina domin in yi wa iyali 'yar sayayya, sai na ratsa ta wajen masu sayar da atamfa don in gaida wani dattijo, aminin mahaifina, wanda ya shafe shekaru sama da talatin yana kasuwanci, kuma kusan duk tsawon wannan lokaci bai taɓa rasa muƙami a kwamitin jam'iyya na mazaɓarsu ba. Na tarar da wasu samari a bakin rumfarsa suna ta tafka muhawara a kan zaɓen 2027, kowa riƙe da wayarsa. Wannan ya ce gwaninsa ya fi kowa mabiya a Facebook, wancan ya ce taron da nasa ya yi ko masaka tsinke babu. Dattijon nan bai ce musu uffan ba. Sai da suka watse ya jawo wani tsohon littafi mai bangon kwali daga ƙarƙashin teburinsa, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ɗana, duba nan. Duk gidan da ke akwatinmu yana cikin littafin nan. Na san mai kati, na san wanda katinsa ya ɓace, na san yarinyar da aka aurar zuwa Batagarawa amma katinta na nan unguwarmu, na san wanda Allah Ya yi wa rasuwa. Yaran nan kawunan da suka gani a taro suke ƙirgawa, ni kuwa ƙafafun da za su taka zuwa layi nake ƙirgawa."

Na ce, "To Baba, su manyan da kuke yi wa wannan wahala, sun san da littafin nan kuwa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Suna tunawa da shi duk bayan shekara huɗu."

Wannan 'yar hira ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mu 'yan boko mun saba tattauna siyasa daga sama. Mun san wanda ya gana da wane a Abuja, mun san gwamnan da ya sauya sheƙa, amma da wuya a cikinmu a sami wanda zai iya faɗin sunan shugaban jam'iyya na mazaɓarsa, balle a ce ya taɓa halartar taronta. Alhali kuwa tarihin siyasar Katsina, tun daga zamanin NEPU har zuwa zaɓen 2023, cike yake da shaidar cewa a hannun waɗannan ƙananan kwamitoci nasara da faɗuwa suke.

Kasancewata ɗalibin harshe, bari in fara da kalmomi, domin sau da yawa harshe yakan tona abin da masu shi ba su yi niyyar faɗa ba. Idan ɗan siyasar Katsina zai yi alfahari, ba ya cewa ya ci jiha. Cewa yake yi, "Na kawo akwatina." Idan kuma ana so a kunyata babban mutum, sai a ce, "Ko akwatin ƙofar gidansa bai kawo ba." Wato a ma'aunin Bahaushe, akwati shi ne mudun da ake auna ɗan siyasa da shi. Haka nan mun aro kalmomi muka hausantar da su, irin su ciyaman da esko da daliget da ejan da anti-fati, kuma duk wanda ya lura zai ga cewa yawancinsu sunayen mutane ne ko ayyukan da ake yi a matakin ƙasa. Hatta sunayen mazaɓun birnin Katsina suna ɗauke da tarihi. Daga cikin mazaɓu 12 na ƙaramar hukumar, tara suna amsa sunan Wakilin Arewa ko Wakilin Gabas ko Wakilin Kudu ko Wakilin Yamma, sauran kuwa su ne Kangiwa da Shinkafi biyu. Wannan ya nuna cewa a kan tsohon tsarin wakilan sarki da masu unguwanni aka ɗora taswirar zaɓe, kuma wanda ya san unguwa gida-gida shi ke da ta cewa a jiya da yau.

Mu dubi girman aikin a lissafe. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809, kuma bayan ƙarin da hukumar zaɓe ta INEC ta yi a 2021, rumfunan zaɓe sun kai 176,846. Jihar Katsina kaɗai tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361 da rumfunan zaɓe sama da dubu shida, sannan masu rajista sun haura miliyan uku da rabi a zaɓen 2023. Babu ɗan takarar da zai iya taka ƙafarsa a kowace rumfa, kome kuɗinsa kome farin jininsa. Dole ya dogara da wasu mutane: shugaban mazaɓa da sakatarensa da ma'aji da shugabar mata da shugaban matasa, da kuma waɗanda ke ƙarƙashinsu a kowane akwati.

Aikin waɗannan mutane kashi huɗu ne. Na farko, tun kafin a buga gangar siyasa, su ke bin gida-gida su tura matasan da suka kai shekara 18 su yi rajista, su kuma matsa wa mutane su je su karɓi katinsu. Na biyu, ta hannunsu ake fitar da 'yan takara, ko ta 'yar tinƙe ko ta abin da ake kira maslaha. Na uku, ranar zaɓe su ke fito da jama'a: su san tsohuwar da ke buƙatar a ɗauko ta a Keke Napep, su san magidancin da sai an roƙe shi zai bar matansa su fita, su san ɗan kasuwar da ya yi fushi tun bara. Na huɗu, su ke samar da ejan da zai tsaya har a gama ƙirga, ya sa hannu a takardar sakamako ta EC8A, ya karɓi kwafinsa, ya bi ta zuwa wurin tattarawa. Taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" da magoya bayan marigayi Muhammadu Buhari suka yayata, idan aka duba da kyau, jadawalin aikin kwamitin mazaɓa ne aka dunƙule cikin kalmomi uku.

Kasuwa kuwa tana da matsayi na musamman a cikin wannan tsari. Ɗan kasuwa ba ya jefa ƙuri'a a rumfarsa, a unguwarsu yake jefawa, amma a kasuwa ake dafa maganar da za a ci a unguwa. Wanda ya zauna yini guda a Babbar Kasuwa zai ga mutumin Jibiya da na Mashi da na Dutsin-ma da na Charanci, har da baƙi daga Maraɗi, kowa ya kawo labarin garinsu ya kuma tafi da na wani. Ga shugabannin layuka da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da dillalai da 'yan dako, kowane rukuni da jagoransa. Mutumin da ya ba ka kaya bashi shekara goma bai taɓa kai ka ƙara ba, idan ya ce maka ga inda ya dosa, maganarsa ta fi ta sojojin baka goma a rediyo nauyi. Shi ya sa ba mamaki a ga cewa da yawa daga cikin ma'ajin jam'iyyu da dattawansu a mazaɓun birni 'yan kasuwa ne. Lokacin da gobara ta cinye wani babban sashe na wannan kasuwa a watan Maris na 2021, duk wanda ya ga yadda 'yan siyasa na kowane ɓangare suka yi ta tururuwar jaje ya san cewa ba su jahilci wannan lissafi ba.

Wannan al'amari ya daɗe. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta da hakimi ba ta da dagaci. Jarinta shi ne teloli da mahauta da maƙera da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure, waɗanda suka riƙa buɗe rassa a unguwanni da ƙauyuka duk da ɗauri da bulala. Ita kuwa NPC ba ta sha wahalar gina rassa ba, domin ta sami ginannen tsari na En'e, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. A zaɓen 1951, wanda aka yi shi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe sai ta tashi a tutar babu. Tun daga ranar ya kamata mu gane cewa son jama'a abu ne guda, riƙe matakalar da ake bi a kai ga kujera kuma wani abu ne dabam.

A Jamhuriya ta Biyu, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, an sake karanta mana wannan darasi. A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamna, amma NPN ce ta kwashe rinjayen kujerun majalisar dokoki, wato kujerun da ake ci ƙauye-ƙauye, gunduma-gunduma. Sakamakon haka majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinonin da ya gabatar, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yuni na 1981, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin. A 1983 Lawal Kaita ya hau kujerar. Farin jinin mutum ɗaya ya kai PRP gidan gwamnati, rashin saiwa a gundumomi kuma ya fitar da gwamnanta.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan a 'yan siyasar Katsina shi ne marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 ya zauna ya gina ƙungiyar siyasa wadda ke da mutum a kusan kowace ƙaramar hukuma a ƙasar nan, har ta kai shi ga yin zarra a zaɓen fid da gwani na SDP a 1992, wanda gwamnatin Janar Babangida ta soke. Ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997, amma ginin da ya bari, wato PDM, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan PDP a 1998. Ƙanensa marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar a zaɓen gwamna na 1991, a kan wannan gini ya tsaya ya ci zaɓen 1999, kuma PDP ta riƙe Katsina shekara 16 cur, duk da cewa tun daga 2003 babban abokin hamayyarta a ƙasa ɗan Daura ne.

Zaɓen 2011 shi ne misali mafi ɗaci. A wannan shekara guguwar Buhari ta kai ƙololuwa, ya sami ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a Katsina, sama da miliyan 12 a ƙasa baki ɗaya. Amma jam'iyyarsa ta CPC, wadda ba ta daɗe da kafuwa ba, gwamna ɗaya tak ta samu a duk Nijeriya, shi ne Umaru Tanko Al-Makura na Nasarawa. A Katsina, mahaifar jagoranta, jam'iyyar ta dare gida biyu tun daga zaɓen fid da gwani na watan Janairu, ɓangaren Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke da ɓangaren Alhaji Aminu Bello Masari, kowane da jerin 'yan takararsa. Har aka shiga zaɓe ana gaban kotu, magoya baya ba su da tabbacin wanda suke zaɓa. Barista Ibrahim Shehu Shema na PDP ya koma kujerarsa, sannan bayan hukuncin Kotun Ƙoli a ƙarshen shekarar aka sauya sanatoci biyu da 'yan majalisar wakilai takwas na CPC da wasu 'yan jam'iyyar. Jama'a sun ba da ƙuri'a, amma babu kwandon da za a tara ta. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Buhari bai kai ga fadar shugaban ƙasa ba sai a 2015, bayan haɗakar 2013 ta haifi APC, ta kawo masa rassan ACN da na ANPP da gwamnonin da suka fice daga PDP tare da mutanensu na mazaɓu.

Mu matso kusa. A zaɓen fid da gwani na 2022, Dokar Zaɓe ta wannan shekara ta taƙaita jefa ƙuri'a ga zaɓaɓɓun daliget kaɗai. APC ta ware biyar daga kowace mazaɓa don fitar da ɗan takarar gwamna, wato mutum 1,805 ke nan a Katsina. A wannan zaɓe na watan Mayu, Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya sami ƙuri'a 506, Dokta Mustapha Inuwa 442, Alhaji Abbas Umar Masanawa 436. Ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'a 64 ce, abin da bai wuce daliget ɗin mazaɓu 13 ba. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: a jihar da ke da masu rajista sama da miliyan uku da rabi, mutanen da ba za su cika motocin haya biyar ba su suka raba gardamar wanda zai riƙe tutar jam'iyya mai mulki. To su wa suka zaɓi waɗannan daliget, kuma mu muna ina a ranar?

Sai kuma zaɓen 2023, wanda alƙalumansa suka cancanci nazari. Ranar 25 ga Fabrairu, a sakamakon da INEC ta bayyana, Alhaji Atiku Abubakar na PDP ya ci Jihar Katsina da ƙuri'a 489,045, Bola Ahmed Tinubu na APC ya sami 482,283, Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma 69,386. Wannan ya faru ne a jihar shugaban ƙasa mai ci, inda Buhari ya sami sama da ƙuri'a miliyan 1.2 a 2019. A rana guda kuma, a akwatuna guda, APC ta lashe kujerun sanata uku na jihar, wato jama'a sun yi abin da ake kira wake da shinkafa, sun yi watsi da sak. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Dikko Raɗɗa ya sami ƙuri'a 859,892, Yakubu Lado na PDP kuma 486,620.

Abin lura a nan shi ne, ƙuri'ar PDP kusan ba ta motsa ba, bambancin bai kai 2,500 ba. Ta APC ce ta ƙaru da 377,609. Ko da za a ce duk wanda ya zaɓi Kwankwaso ya koma APC, akwai sauran sama da 300,000 da ba a gan su a layin jam'iyyar ba a watan Fabrairu. Ko shakka babu akwai dalilai da dama. Ƙarancin takardun kuɗi da canjin Naira ya jawo ya fusata mutane a Fabrairu, ya kuma ɗan sassauta kafin zaɓen gwamna. Wasu sun zaɓi Atiku don ɗan Arewa ne. Ficewar Mustapha Inuwa zuwa PDP ta tafi da mutane. Ƙarfin gwamnati da kuɗi su ma sun yi aikinsu, kamar yadda suka saba. Amma a ganina babban dalili shi ne, zaɓen gwamna shi ne zaɓen ɗan kwamitin mazaɓa. Shugaban ƙasa yana Abuja, ba zai taɓa sanin sunansa ba. Gwamna kuwa daga hannunsa kansila da ciyaman da taki da ɗan aikin kwalbati suke fitowa. A Fabrairu wasu sun yi aiki da rabin zuciya, a Maris kuwa kowa ya san tuwonsa ne a kan wuta, sai aka fita gida-gida.

Ba a Katsina kaɗai abin yake haka ba. A Zamfara a 2019, APC ta ci zaɓe daga sama har ƙasa, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'unta duk sun zama asara, aka miƙa wa Bello Matawalle na PDP kujerar. A Jihar Ribas rikicin da ya faro daga zaɓen shugabannin mazaɓu na 2018 ya hana APC shiga takarar gwamna a 2019. A 2023 Peter Obi ya sami ƙuri'a sama da miliyan shida, ya ci Legas da Abuja, amma jam'iyyarsa ta Labour gwamna ɗaya ta samu, a Abiya. A Kano kuwa NNPP, wadda kafin 2022 ba a san da ita ba, ta ci kujerar gwamna saboda Kwankwasiyya ta shigo mata da mutanenta na kowace mazaɓa. Hular ce aka sauya wa suna, kawunan na nan.

Hatta a ƙasashen da suka riga mu, haka zancen yake. A Amurka, masana biyu na Jami'ar Yale, Alan Gerber da Donald Green, sun yi gwaji a garin New Haven a zaɓen 1998, suka gano cewa zuwa ƙofar gida a yi wa mutum magana baki da baki ya fi aika wasiƙa ko buga waya tasiri nesa ba kusa ba wajen fito da shi zaɓe. A Indiya, jam'iyyar BJP takan naɗa mutum guda ya kula da shafi ɗaya na rajistar masu zaɓe, ya san duk wanda sunansa ke wannan shafi. Dattijon nan na Babbar Kasuwa bai taɓa jin sunan Yale ba, amma littafinsa mai bangon kwali wannan ilimi ne a cikinsa.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka yabon waɗannan kwamitoci na zo yi ido rufe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiyar magana ita ce, a yau yawancinsu sun lalace. A da, ɗan NEPU shi ke cire kwabonsa ya sayi katin jam'iyya, ya kuma yi karo-karo a biya tarar wanda aka ɗaure. Yau ba mai biyan kuɗin jam'iyya. Ubangida ne ke biyan hayar ofis, shi ke ɗinka wa esko kayan salla, don haka shi ke zama a ɗakinsa ya rubuta sunayensu, a fito a ce an yi maslaha. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Da haka kujerar daliget ta zama haja, lokacin fid da gwani ya zama kaka. Da haka kuma hanyar da aka gina don kai koken jama'a sama ta koma hanyar sauko da taliya da sabulu da atamfa, wani lokaci ma ta ɗaukar nauyin ƙauraye. Mata, waɗanda a Arewa ba su fara jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai a 1979, su ne suka fi cika layi a yau, amma a kwamiti kujera ɗaya ake ware musu, ita ma ta rabon kaya.

Illar wannan ba a kan jam'iyya kaɗai take tsayawa ba. Kwamitin da aka saya ba zai iya tunkarar ciyaman ya tambaye shi inda kuɗin ƙaramar hukuma suka shiga ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma wane amfani hukuncin zai yi idan wanda zai zama ciyaman mutum ɗaya ne ke nuna shi da yatsa? A kusan kowace jiha, jam'iyyar gwamna ce ke lashe zaɓen ƙananan hukumomi kakaf, ko wace jam'iyya ce kuwa. Sannan a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, irin su Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari, ɗan kwamitin mazaɓa ya san ƙauyen da ya tashi da inda mutanensa suka koma. Abin takaici ne a ce ba a neman wannan sani nasa sai ranar da ake son ƙuri'ar 'yan gudun hijira.

Wani zai ce zamani ya canza, wayar hannu da na'urar BVAS sun rage wa waɗannan mutane tasiri. Ni a nawa ganin, ƙara musu daraja suka yi. A lokacin da ake iya zama a ɗaki a rubuta sakamako, ba a buƙatar kowa ya fito. Yanzu da ake tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, dole a kawo mutum da ƙafarsa, kuma waya ba ta ɗauko tsohuwa daga gida. Bugu da ƙari, Allah Ya yi wa Buhari rasuwa ranar 13 ga Yuli, 2025. Zaɓen 2027 shi ne na farko tun 2003 da za a yi babu shi a fage ko a gefe. Babu sauran rigar da ɗan takara zai raɓa a ce sak. Kowa tasa za ta fisshe shi, akwati-akwati.

Don haka shawarata ga jam'iyyu, masu mulki da masu adawa, ita ce su mayar wa 'ya'yansu jam'iyya. A yi rajistar 'yan jam'iyya ta gaskiya, a dawo da biyan kuɗin wata komai ƙanƙantarsa, a yi zaɓen shugabannin mazaɓa a fili a ranar da aka sanar, a kuma wajabta wa kansila da ɗan majalisa su zauna da kwamitin mazaɓa lokaci-lokaci su ba da bayani. Ga 'yan kasuwa kuma, tun da ana jin maganarku, ku daina sayar da ita da arha. Ku nemi hanyar motar kashe gobara da ruwa da wutar lantarki mai tsari a kasuwa, a rubuce, kafin ku ɗaga hannun kowa.

Shawara ta ƙarshe tamu ce, mu malaman jami'a da likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki. Mun mayar da siyasar mazaɓa aikin marasa aikin yi, sannan mu dawo muna kukan an kawo mana 'yan takarar da ba su cancanta ba. Wanda yanayin aikinsa ya ba shi dama, ya je ya yanki kati a mazaɓarsu, ya halarci taro, ya zauna a kan tabarma ɗaya da tela da mahauci, ya saurara kafin ya yi magana. Wanda aikinsa bai ba shi dama ba, ya san su wane ne esko na unguwarsu, ya kuma tambaye su abin da suka yi da amanar da ke hannunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Kafin in bar rumfar dattijon nan, na tambaye shi wanda zai gaji littafin. Ya ce 'ya'yansa duk sun yi boko, babu mai sha'awa, sai wani yaron shagonsa da ke taya shi rubutu. Ban sami abin da zan ce masa ba, domin ni ma ɗan boko ne, kuma rabona da taron mazaɓa har na manta. Na yi masa sallama, na ɗauki atamfar da na saya, na kuma ƙudurta cewa taro na gaba da ni za a yi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya a Katsina da Nijeriya baki ɗaya, Ya kuma haɗa mu da shugabanni masu jin tsoronSa, tun daga mazaɓa har zuwa sama. Amin.